Rajistar aiki: tattarawa da tantance tsofaffin gaturan Finlan da Sikandinebiya

6 ga Afrilu, 2024

Kawunan gatari 16 ne a kan tebur, duka daga kasuwannin tsofaffin kaya, waɗanda ake kira kirpputori a Finlan, loppis kuma a Suwidin. Goma sha ɗaya ba su da ƙota, biyar kuma akwai guntun ƙota maƙale a cikin ido. An ɗaura wa kowanne lamba da waya, daga 1 zuwa 16, bisa yadda suka fito daga kwali.

Ba za a taɓa ko ɗaya da buroshi ko samfefa ba sai an gama awo da ɗaukar hoto. Ragowar fenti, guntun takardar kamfani, irin itacen da ya rage a ido, duk shaida ne, kuma wanki na farko ke tafiya da su.

Sunayen sassa da za a riƙa amfani da su: baki shi ne wajen kaifi, terä a harshen Finlan. Ƙeya ita ce bayan kai, su ce hamara. Ido shi ne ramin da ƙota ke shiga, su ma silmä suke cewa, wato ido. Kumatu su ne gefuna biyu. Wuya kuma shi ne ƙarfen da ya zarce ƙasa ya rungume ƙota kamar kube.

Abin da aka auna a kowanne: nauyi a sikeli, tsawo daga ƙeya zuwa baki, tsawon bakin, tsayin wuya, sai faɗin ido da tsawonsa a sama da kuma a ƙasa. Awon ido sau biyu ɗin nan ya fi sauran daraja, domin baki yana cinyewa da wasawa, ƙeya tana baje wa da duka, amma ido yana nan yadda maƙeri ya bar shi.

13 ga Afrilu

An raba su gida biyu ta siffa kawai, ba a duba tambari ba. Masu wuya tara ne: 1, 2, 4, 5, 7, 9, 11, 12 da 15. Marasa wuya bakwai: 3, 6, 8, 10, 13, 14 da 16.

Wanda ya saba da gatarinmu na gida ya san ƙarfen ne ke shiga cikin ƙota, ta ramin da aka huda a kanta mai kauri. A nan ƙotar ce ke shiga cikin ƙarfe, kuma a gatarin Finlan tana shiga da nisa sosai. Dalilin yana wajen itace. Dazukan Finlan ba su da hikori, itacen nan mai ƙarfi da ake yin ƙota da shi a Amurka, abin da ke hannun manomi shi ne koivu, itacen nan mai farin ɓawo, wanda bai kai hikori ƙarfi ba. Dogon wuya yana raba nauyin sara a kan wuri mai faɗi, sannan ya kare ƙotar a daidai inda take yawan karyewa idan an kuskure sara. Idon kuma ba miƙaƙƙe ba ne, ya fi faɗi a ƙasa ya tsuke a sama. A lamba 1 bambancin sama da ƙasa ya kai milimita 9 a tsawo.

Marasa wuyan nan bakwai ƙirar Amurka ce da masana'antun Suwidin suka ɗauka tun ƙarshen ƙarni na 19, suka riƙa sayar da ita a gida da waje da sunaye irin su Yankee, Montreal da Turpentine. Idonsu gajere ne, siffar ƙwai mai tsini ta gaba, ya ɗan fi faɗi a sama don weji, wato ɗan itacen da ake bugawa cikin tsagar kan ƙota, ya buɗe ta ya kulle ta.

Kada a ɗauka duk mai wuya na Finlan ne. Suwidin da Norwe su ma sun yi masu wuya kafin ƙirar Amurka ta mamaye kasuwa, shi ya sa aka ware lamba 15 gefe: wuyansa ya fi gajarta, bakinsa ya fi faɗi.

27 ga Afrilu

An fara cire tsatsa, kuma an yi ɓarna a gwajin farko. An jiƙa lamba 4 a ruwan khal da niyyar awa 12, ya kwana biyu a ciki. Khal ba ya tsayawa a kan tsatsa, yana ci gaba da cin lafiyayyen ƙarfe. Tambarin da ke kumatunsa dama ba zurfi gare shi ba, yanzu haruffa huɗu kawai ake iya karantawa, KOSK, kuma jikin ya koma toka-toka mai kaushi. Hoton da aka ɗauka ranar 6 ga wata ne ya cece mu, a ciki ana ganin KELLOKOSKI kusan cikakke.

Amfani ɗaya da khal ɗin ya yi: ya fito da layin haɗi fili, wato inda ƙarfen baki mai tauri ya haɗu da jikin gatari. Bakin ya yi duhu, jikin ya yi haske, iyakarsu kamar an ja da biro. Sai dai ana samun wannan da tsoma baki kaɗai na awa ɗaya zuwa biyu, ba sai an nutsar da tambari ba.

Sauran za a wanke su da lantarki. Ga yadda aka haɗa: bokitin roba, ruwa lita 10, sodar wanki giram 100. Sodiyam kabonet ake nufi, ba soda mai ƙuna ta yin sabulu ba. Guntayen rodi huɗu a tsaye kewaye da bokitin, an haɗe su da waya ɗaya. Kan gatarin a rataye a tsakiya, bai taɓa rodi ba. Baƙar wayar cajar batir, wato negatif, a jikin gatari, jar waya a jikin rodi. Idan aka juya su, gatarin ne zai narke. Ƙarfin wutar volt 12, amfiya 2 zuwa 4, awa 8 zuwa 12 ga kowane kai.

Abubuwa uku da suka kawo cikas ko za su iya kawowa. Cajar zamani mai kwakwalwa ta ƙi tashi saboda ba ta ji batir ba, sai da aka samo tsohuwa. Cikin ido bai wanku ba a zagaye na farko, domin aikin yana tafiya ne a inda ƙarfen ke fuskantar rodi, don haka aka zura siririn rodi cikin idon, an naɗe shi da ragar roba kada ya taɓa bango. Na uku, ba a sa ƙarfen da ba ya tsatsa a madadin rodi, yana sakin guba mai kuromiyam a ruwan. A waje ake yin aikin, kumfar da ke tashi haidurojin ce, tana kama wuta.

Da an ciro, a goge baƙin da ya rage da buroshin tagulla, a ɗauraye, a busar nan take da iska mai zafi, a shafa mai. Minti goma ya isa sabuwar tsatsa ta yi ja a kai.

11 ga Mayu

Yanzu aka zo kan tambari. Ana kashe fitilar ɗaki, a kwantar da tocila a gefen ƙarfen yadda haske zai bi fuskarsa a kwance, sai inuwa ta cika ramin haruffa. Inda hakan bai isa ba a goga alli a share sama.

Lamba 1, 2 da 12 sun nuna BILLNÄS. Masana'antar tana Pohja, kudu maso yammacin Finlan, Carl Billsten ya kafa ta a 1641, ta shiga hannun Fiskars a 1920, kuma har yau a garin ake yin gaturan Fiskars masu ƙotar roba. Kusa da sunan akwai lambar ƙira. Ƙira ta 12 ita ake kira Kemi, sunan garin katako da ke bakin kogin Kemijoki a arewa, kuma girma uku gare ta: 12/1 babba, 12/2 matsakaici, 12/3 ƙarami. Lamba 1 12/2 ne, giram 1,390. Lamba 2 12/3 ne, giram 1,130.

Lamba 7 na Kellokoski ne, shi ma 12/2. Wannan masana'anta ta kasance a Tuusula, an kafa ta a 1795, sunanta a harshen Suwidin Mariefors, don haka duk wanda ya ga ɗaya daga cikin sunayen biyu wuri ɗaya ya gani. Tun da masana'antu daban-daban sun yi ƙira ɗaya da lamba ɗaya, lambar 12/2 ita kaɗai ba ta nuna wanda ya ƙera. A jikin lamba 7 akwai ƙarin haruffa biyu, SA, wato Suomen Armeija, rundunar sojan Finlan. Wannan hatimin mai kaya ne. Ya nuna gatarin ya taɓa zama a rumbun soja, bai nuna shekarar ƙira ba, bai kuma nuna an je yaƙi da shi ba, ko da yake masu sayarwa na son a fahimci haka.

Lamba 5 ne ya ci rabin yini, kuma ya cancanta. Sunan Billnäs ya fito, lambar ƙira ta goge bayan 12. Nauyinsa giram 1,150, kusan daidai da lamba 2, don haka a rajistar farko an rubuta masa 12/3. Kuskure ne. Da aka jera awon ido, nasa ya yi daidai da na lamba 1, bambancin bai kai milimita 1 ba, kuma ya fi na lamba 2 da milimita 5. Tsayin wuya ma haka. Abin da ya ragu shi ne tsawo daga ƙeya zuwa baki, ya gaza na lamba 1 da milimita 24. Wato 12/2 ne da aka wasa shekara da shekaru har ya zubar da giram 240. An tsoma bakinsa a khal awa ɗaya, sai ga ƙarfe mai tauri saura milimita 6 a tsakiya, a kusurwar sama kuwa ya ƙare ƙaf. An gyara rajista.

Bayanin wannan yana cikin yadda ake ƙera su. Jikin tsohon gatarin Finlan ƙarfe ne mai taushi, wanda ba ya ɗaukar tauri ko an tsoma shi a ruwa da zafinsa. Bakin kaɗai ne ƙarfe mai tauri, ana haɗa su a wuta, a dake su har su zama ɗaya. Sau da yawa akwai wani falle mai tauri a ƙeya. Ƙarfe mai tauri yana da tsada a lokacin, jiki mai taushi kuma yana shanye duka ba ya tsagewa cikin sanyi. Idan bakin ya ƙare a kan kai wa maƙeri ya ɗora sabo. Mai saye a yau ya riƙe ƙaramin zarto na goge ƙarfe: a kan baki mai rai zarto yana zamewa da ƙara siririya, a kan wanda ya mutu yana kamawa yana fitar da gari.

18 ga Mayu

Lamba 12 ba zai koma aiki ba. An yi amfani da ƙeyarsa a matsayin guduma a kan ƙarfe, ta baje, idon ya buɗe, wuyan ya tsage milimita 40 a kan layin haɗi ta baya. Walda za ta rufe tsagar amma ba za ta mayar da siffar ido ba. Za a ajiye shi don kwatanta tambari.

Lamba 11 piilu ne, gatarin sassaƙa gungumen gini, giram 2,600. Kaifinsa ta gefe biyu ne, kumatun sun yi kauri dab da baki, wanda ke ture ɓawon itace waje ya bar zanen nan kamar igiyar ruwa da ake gani a bangon gidajen katako na Finlan. Wani ya fara rage kaurin da injin gurza a gefe ɗaya, da alama ya zaci lalacewa ce. Ba za a ƙarasa masa ba, ba kuma za a iya mayar da abin da ya cire ba.

1 ga Yuni

Na Suwidin sun fi sauƙin karantawa, ƙarfensu bai kai na Finlan cin tsatsa ba a wannan rukuni.

Lamba 3: HB, Hults Bruk, kusa da Norrköping, an kafa a 1697, yanzu ƙarƙashin Hultafors. Ƙarƙashin haruffan akwai nauyi iri biyu, kilo da fam, alamar kayan fitarwa waje. Saman idonsa cike yake da busasshen gam mai ƙarfi da aka zuba a masana'anta, abin da ke nuna rabin ƙarni na 20 na biyu. Cire shi sai da aka huda ramuka shida da diril mai milimita 6, aka fasa tsakaninsu, aka buga guntun ƙotar ta fita ta ƙasa. Ba a ƙona ƙota a cikin ido. Wuta tana kashe taurin baki, kuma kawuna da yawa da ke kasuwa haka aka kashe su.

Lamba 8: SAW, haruffan sunan Sven Axel Wetterling, wanda masana'antarsa ta fara a 1880, a Storvik take. Lamba 13: Säter, da sunan kasuwa Banko, daga lardin Dalarna.

Lamba 6 da 16 gida ɗaya suka fito, Gränsfors a Hälsingland, wadda aka kafa a 1902, amma zamaninsu daban. Lamba 6 yana da GBA da kambi, jikinsa a goge sumul, da ragowar fenti a gindin ido. Lamba 16 baƙi ne yadda ya fito daga wuta, ba fenti, da haruffa biyu na sunan maƙerin da ya buga shi. Wannan salo ya fara ne bayan Gabriel Brånby ya karɓi masana'antar a shekarun 1980, don haka kai mai haruffan maƙeri ba tsohon kaya ba ne kome tsatsarsa. Abin takaici, an ƙona bakin lamba 16 da injin gurza. Akwai shuɗi a kusurwar ƙasa, kuma shuɗi yana fitowa ne wajen digiri 300, inda taurin ya riga ya sauka. Zarto ya kama wurin har milimita 3 ciki. Za a ci wannan da zarto da hannu har a iso ƙarfe mai rai.

Lamba 10 ba shi da kome sai MADE IN SWEDEN da nauyi. Masana'antun Suwidin sun yi wa dillalan ƙasashen waje kawuna masu yawa waɗanda sunan ke kan takarda kawai, takardar kuma ta daɗe da tafiya. An rubuta shi: Suwidin, na fitarwa waje. Ba za a laƙaba masa sunan kamfani don siffarsa ta yi kama da ta wani ba, irin wannan laƙabin ne ya cika kasuwa da sunayen ƙarya.

22 ga Yuni

Lamba 14 DSI ne, Dansk Staal Industri, na Denmak. Lamba 15 ya tabbata na Norwe: Mustad, ta Gjøvik, wadda aka fi sani da ƙugiyar kamun kifi da ƙusar kofaton doki.

Saura lamba 9, wanda ya fi kowanne kyau a wajenmu. Ba tambari ko ɗaya, ba kuma alamar an taɓa yi ya goge. Bayan wanki jikinsa ya nuna zare-zare kamar na itace, alamar tsohon ƙarfen da ake tacewa da duka, mai ragowar ƙasa a cikinsa. An naɗe falle ɗaya ne aka yi ido, layin haɗin yana gaban idon, yana ɗan karkacewa. Kumatun ba su yi daidai ba, na dama ya fi kauri da milimita 2. Bakin an tsaga jiki ne aka cusa ƙarfe mai tauri a tsakiya, ana ganinsa kamar harshe idan aka duba ta sama. A bayan wannan kuma akwai wani layin na biyu, wato an taɓa ɗora masa sabon baki. Duk wannan aikin hannu ne a maƙerar ƙauye. An rubuta shi haka: ƙirar maƙeri, salon Finlan, an sabunta baki sau ɗaya. Ba za a wasa shi ba, ba za a sa masa ƙota ba.

Ramukan tsatsarsa na rumbu ne, ba na binnewa ba, kuma an bincika hakan da gangan. Dokar kayan tarihi ta Finlan ta 1963 ta ce abin da aka tsinta a ƙasa, wanda ba a san mai shi ba, kuma ana jin ya kai shekara 100, sai a sanar da hukumar kayan tarihi, Museovirasto, ba tare da an wanke shi ba. Kan da ya zo da ƙasa a manne da tsatsa mai ɓarewa falle-falle ba na bokitin lantarki ba ne.

10 ga Agusta

An sa wa lamba 1 ƙota ta koivu, tsawo santimita 65, daga itacen da aka tsaga, ba wanda aka yanka da zarto ba, don zaren ya bi tsawon ƙotar. Wuyan Finlan ba ya karɓar ƙotar kanti, sai an sassaƙa. Ana shafa baƙin fensir a cikin ido, a zura ƙota, a buga gindinta da gudumar katako, a zare, a kankare inda baƙin ya taɓa. An maimaita sau 14 kafin baƙin ya bayyana a kowane gefe tun daga ƙasan wuya har sama. An tsaga kan ƙotar zuwa kashi biyu cikin uku na zurfin ido, aka buga weji na busasshen koivu.

Shafi: kwaltar itacen fayin, wadda suke kira terva, da dafaffen man linsid da turfentin, kashi ɗaya-ɗaya, a ɗumama a shafa sau uku, kwana ɗaya tsakani. Tsumman linsid a shanya su a buɗe ko a nutsar a ruwa, idan aka dunƙule su suna iya kama wuta da kansu.

19 ga Oktoba

Kan lamba 1 ya yi sako-sako, yana motsi milimita 2. Laifin na itacen ne da lokacin aiki. An sassaƙa ƙotar a rumfa cikin damshin Agusta, ma'aunin laima ya nuna kashi 16 cikin ɗari a ragowar guntun da aka bari can. Da aka kunna ɗumama ɗaki a kaka, itacen ya bushe ya tsuke. A idon Suwidin weji zai iya rufe wannan giɓi. A idon da ya tsuke ta sama ba abin da ke riƙe kai sai matsewar itace a bango, kuma da ta ragu sai kan ya fara hawa.

Ba a jiƙa shi a ruwa ba. Ruwa yana kumbura itace ya murƙushe zarensa a jikin ƙarfe, idan ya bushe ya fi da sako-sako.

An cire wejin, aka ajiye ƙotar kusa da abin ɗumama ɗaki mako uku har ta sauka kashi 9. Aka sake zura ta, ta shige milimita 7 fiye da da, aka rage kafaɗarta daidai hakan. Sabon wejin an yi shi da kai mai faɗi wanda ya hau kan leɓen ido ta gefe biyu, da ɗan ƙugu a jikinsa da ke maƙalewa cikin tsagar, aka shafa masa terva kafin bugawa. An sare gungumen fayin shida da shi, kan bai motsa ba.

Itacen ƙotar lamba 2 da 7 yana cikin ɗaki tun yau, ba za a taɓa shi ba sai ma'auni ya nuna ƙasa da kashi 10. Lamba 5 yana jiran maƙerin da zai ɗora masa baki a wuta, an yanko masa ƙarfe mai tauri, faɗi milimita 30, kauri milimita 8.